Farin Yadi da Duhun Dare: Nasiha ga Ƙannena Masu Son Haska Majigi a Jalingo

Ƙannena maza da mata, akwai wata 'yar na'ura da ta fara yawa a hannunku cikin 'yan shekarun nan, wato ƙaramar na'urar haska majigi, wadda yawancinku ke kira furojekta. Wani tara kuɗi ya yi ya saya, wani yayansa ne ya aiko masa daga Abuja ko Kano, wasu kuma 'yan ƙungiya ne suka yi karo-karo suka mallaki guda. Na yi murna da haka ƙwarai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda na'urar kan yi watanni cikin kwalinta, in ka tambayi dalili a ce maka, "Ai ba mu sayi allon ba tukuna." An ga irin allon nan na kanti a intanet, mai naɗewa cikin bututu, wani ma da rimot ake sauke shi, an tambayi kuɗinsa, jiki ya yi sanyi. Ajin da aka yi niyyar buɗe wa yaran unguwa bai buɗu ba, abin da aka so nuna wa iyaye mata bai nunu ba, alhali rabin abin da ake jira yana cikin gidanku, sauran rabin kuma yana babbar kasuwar Jalingo wajen masu sayar da yadi.

So nake ku san aikin allon kafin ku shiga maganar kuɗinsa, domin wanda ya san aikin abu ba a cika yi masa tsada a kansa ba. Allon majigi ba shi da haske nasa ko ƙanƙani. Babu waya a jikinsa, babu wata dabara a ɓoye. Haske yana fitowa daga na'ura, ya daki allo, allon ya watso shi zuwa idon masu kallo, shi ke nan. Saboda haka abu uku kawai ake nema a gare shi: ya zama fari, ya zama a miƙe sumul ba lanƙwasa ba yamutsewa, kuma kada ya yi sheƙi. Masu ƙera alluna suna da ma'aunin da suke auna yawan hasken da allo ke mayarwa, kuma farin allo maras sheƙi, irin wanda ake sa wa a ofisoshi da azuzuwa, lambarsa 1.0 ko kusa da haka. Bangon da aka shafe da farin fenti mai kyau bai yi nisa da wannan lamba ba. Galibin abin da kuke biya a allon kanti kuɗin bututun naɗewa ne, da ƙarfen tsayarwa, da kuɗin jirgin da ya ɗauko shi.

Kada kuma ku ɗauka haska hoto a jikin yadi faɗuwar daraja ce, domin da haka sinima ta tashi. 'Yan uwan nan biyu na gidan Lumiyar, waɗanda suka fara nuna fim ga masu biyan kuɗi a birnin Faris a 1895, da aka zo babban baje kolin duniya na 1900 wani ƙaton yadi suka rataya, ana jiƙa shi da ruwa domin haske ya ratsa, jama'a su kalla ta fuska biyu. A nan gida kuwa, ku tambayi kakanninku labarin majigi. Wani jami'in kiwon lafiya na Turawan mulki, William Sellers, shi ya fara amfani da fim a Legas don wayar da kan mutane game da ɓeraye da annoba, kuma shi aka ɗora a kan sashen fina-finan 'yan mulkin mallaka da aka kafa a 1939. Daga nan motocin majigi suka riƙa zagaya lardunan Arewa. Mota ta iso gari da la'asar, a yi shela, bayan isha'i jama'a su taru a fili, yawanci ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi, a kafa farin allo, tafinta ya riƙe lasifika yana bayani da harshen mutanen wurin. Da irin wannan aka koyar da tsafta, da rigakafi, da noman auduga da gyaɗa kamar yadda fim ɗin Baban Larai ya yi, aka kuma mara wa yaƙi da jahilci baya a shekarun 1950. Turawa suna da tasu manufar a ciki, ba don Allah suka yi duka ba, amma dabarar ta yi aiki. Har gobe ana yin ta: ƙungiyar sinimar tafi-da-gidanka da ake kira CNA, wadda ta fara aiki a 2001, tana shiga ƙauyukan Nijar da Mali da Binin da mota ɗaya, da janareta, da allon da ake harhaɗawa a fili.

To, mu koma kan aiki. Kafin ku sayi ko yadi ɗaya, ku dubi bangon da kuke da shi. Idan wurin naku ne, ko mai gida ya yarda, babu allon da ya fi bango sauƙi da daɗewa: iska ba ta kaɗa shi, ba ya yamutsewa, ba a sace shi. A cike ramukan filasta, a goge da sanfefa har tafin hannu ya daina jin kaushi, sannan a shafa farin fentin ruwa, wanda masu fenti ke kira imalshan, da rola, shafi biyu ko uku marasa kauri, ana barin kowane ya bushe. Ku guji fentin mai. Yana da kyau a jikin ƙofa da taga, amma a allo sai ya tara wani dunƙulen haske a tsakiya yana kashe ido, gefe da gefe kuma dishi-dishi. Haka fentin nan mai gurje-gurje da ake yi wa bangon waje: kowane ƙwanƙwaso yana jefa 'yar inuwarsa, rubutu ya ƙi karantuwa. Farar ƙasa tana fid da kitse daga wuta in dare ɗaya ne a jikin katanga, sai dai tana barin sawun buroshi kuma tana bin tufafin duk wanda ya jingina.

Yawancinku dai haya kuke, ko a gidan iyaye, ko kuwa kuna son allon da za ku ɗauka yau a Magami, gobe a Mayo Gwoi, jibi a Kona. Nan yadi yake shigowa, kuma nan nake so mu daɗe kaɗan, don a nan ake yin kuskure.

Zanen gado fari yana aiki, in dai fari ne fat ba mai fure ba, kuma in an roƙi mai shi ta bayar da daɗin rai. Kada ɗayanku ya zare zanen gadon mahaifiyarsa ya huda shi da ƙusa a bayan idonta; ku tambaya, sau da yawa ma za ta zaɓo muku wanda ya fi dacewa. Matsalar zanen gado ita ce rashin kauri. Ku ɗaga shi ku dubi rana ta cikinsa: duk hasken da kuka gani ya ratso, haske ne da zai wuce ta baya ya ɓata, ba zai dawo idon masu kallo ba. Maganin abin biyu ne. Ko dai a ninka yadin biyu, ko kuma, wanda ya fi, a ɗinka baƙin yadi a bayansa. Baƙin ba ya ƙara haske, amma yana hana wanda ya ratsa ya daki bango ya dawo ya dagula hoton, yana kuma tare hasken fitila ko taga da ke bayan allon. Wanda ya haɗa su uku, fari biyu da baƙi ɗaya a baya, ya gama.

In sayen yadi za ku yi, ku nemi farin alawayyo mai kauri ko wani farin yadin auduga mai matsattsiyar saƙa. Akoko yana da arha da ƙarfi, sai dai launinsa ya karkata zuwa ruwan madara, saboda haka farin da ke cikin hoto zai ɗan yi rawaya-rawaya. Ga kallon ƙwallo ba komai, ga nuna hoton ganyen shuka mai cuta ko darasin kimiyya yana iya rage daidaito. Shadda da duk yadi mai walƙiya ku bar su ga ɗinkin sallah, domin zanen da ke jikinsu zai fito a fuskar duk wanda ke cikin fim. Ku tambayi faɗin yadin tun kafin a yanka. Ana samun mai inci 36, da mai 45, da mai 60. Mai inci 60 kuke so, domin da shi ba sai an haɗa ƙyalle biyu ba, kuma ɗinki a tsakiyar allo abu ne da ido ba ya daina gani. Ku wanke shi kafin tela ya taɓa, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko. Kada a sa bula. Na san al'adarmu ce farin kaya sai da bula, amma a allo tana mayar da hoton gaba ɗaya shuɗi-shuɗi. Sitati kaɗan ba laifi, guga kuwa dole ce, kuma a yi ta da yayyafin ruwa har layin ninki ya ɓace.

Ga lissafin girma, ku rubuta ku ajiye. Kusan duk abin da za ku haska yanzu, daga waya ko kwamfuta ko dikoda, fasalinsa 16 a faɗi ne, 9 a tsayi. Idan an ce allo inci 100 ne, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ake nufi, kuma hakan ya kama santimita 221 a faɗi, 125 a tsayi. Yadi uku na mai inci 60 ya isa wannan har da na kalmasa. Inci 80 kuwa santimita 177 ne da 100, inci 60 kuma 133 da 75. Wanda ya fi son katako, faifan filawud da kafintoci ke sayarwa ƙafa 8 ne da ƙafa 4, wato santimita 244 da 122, kuma in an goge shi an yi masa fenti zai ɗauki hoto mai kusan inci 98. Yana da nauyi, amma ga aji ko zauren da ba a motsa allo, ya fi yadi kwanciyar hankali.

Ku kai wa tela yadin ku ce ya yi masa ƙubaka sama da ƙasa, mai faɗin da bututun ruwa na roba zai shige. Bututun sama shi ake ratayawa, na ƙasa kuma nauyinsa ne ke ja yadin ya miƙe. In bai isa ba a ɗura masa yashi a toshe bakinsa. Wannan ya wadatar a cikin ɗaki. In kuna son firam mai kusurwa huɗu, masu kayan famfo suna da gwiwoyin haɗa bututu, kuma in ba ku sa gam ba za ku iya warware shi ku ɗaure a bayan Keke. Kafinta ma zai haɗa muku na katako. Ko wanne kuka yi, ku auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon bai zo ɗaya ba, firam ɗin a karkace yake. Wajen ɗaure yadi a firam, ku fara daga tsakiyar kowane gefe ku bi zuwa kusurwa, kuna ja kaɗan-kaɗan. Tsohon tiyub na babur da aka yanka siri-siri ya fi igiya, domin yana ja kullum ba ya saki. Daga ƙarshe ku kewaye allon da baƙin ƙyalle mai faɗin yatsu uku ko huɗu. Wannan baƙin baki ba ado ba ne kawai: yana shanye hasken da ya zarce iyaka, kuma ido yana ganin hoto ya fi kaifi idan akwai baƙi a gefensa.

Akwai kuma bana, irin wadda ake bugawa don kamfen ko talla ko taron biki. Bayanta fari ne, tana da kauri, ruwa ba ya cinta, kuma masu buga ta suna iya sa mata idon ƙarfe a gefe don ɗauri. Bayan kowane zaɓe garin nan cike yake da su. Ku nemi izinin mai ita kafin ku cire, ku duba kada hoton gaban ya riƙa lekowa ta baya, ku kuma gwada ta da tocila: in ta yi ƙyalli sosai, ku nemi wata. Bana ba ta son ninki. Naɗe ta ake yi a jikin bututu, in ta yi layi a shanya ta a rana ta saki. Dutsen guga narkar da ita zai yi.

Yanzu ga maganar da ta fi duk wannan nauyi, wadda mai sayar da na'ura ba lalle ya gaya muku ba. Kyawun hoto ya fi rataya a kan ƙarfin hasken na'ura da duhun wuri fiye da kan allo. Na'urar majigi ba ta iya haska baƙi. Baƙin da kuke gani a fim shi ne allon kansa a inda haske bai taɓa ba. Idan ɗakin da haske, allonku fari ne tun kafin a kunna komai, don haka babu inda baƙi zai fito, hoto ya zama fari-fari kamar an wanke shi. Allon miliyan ɗaya ba zai gyara wannan ba, amma tsohon bargo a jikin taga zai gyara. A waje kuwa, ku jira bayan magariba, ku juya allon ya ba fitilar titi da fitilar maƙwabta baya, ku kashe ƙwan da ke kusa.

Sannan ku rage kwaɗayin girma. Hasken na'ura adadi ɗaya ne, faɗaɗa shi kawai kuke yi. In kun ninka faɗin hoto sau biyu, filin da hasken zai rufe ya ninku sau huɗu, haskensa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ana auna ƙarfin hasken da lumen, kuma lambar da za a amince da ita ita ce wadda aka rubuta ANSI ko ISO a gefenta. Ƙananan na'urori masu arha kan zo da dubbai a rubuce a kwali, alhali ainihin haskensu ɗaruruwa kaɗan ne. Abin ya kai kamfanin Epson ya sha gurfanar da wasu masu sayarwa a kotunan Amurka kan irin wannan ƙarin gishiri. Idan taku ƙarama ce, ku tsaya tsakanin inci 60 da 80, za ku ga launi ya fito ras. Inci 100 zuwa sama sai na'ura mai ƙarfi da duhu sosai. Saboda haka in kuɗi ya shigo hannunku, ku zuba shi a na'ura mai haske na gaskiya, da lasifika mai kyau, da batir. Sayen allo mai tsada a haɗa shi da na'ura mai raunin haske tamkar ɗora sirdin ado ne a kan ramammen doki.

Ku fara kunna na'urar a jikin bango, ku ja ta gaba ku ja ta baya har ku sami girman da haskensa ya gamsar da ku, ku auna, sannan ku je kasuwa. Yawancin ƙananan na'urori suna bukatar tazarar kusan mita 3 kafin su ba da hoto mai faɗin mita 2 da 'yan kai. A ajiye ta daidai tsakiyar allo, a kan tebur mai tsayin da ba sai an ɗaga bakinta sosai ba, domin in an ɗaga hoton yakan buɗe a sama ya tsuke a ƙasa. Akwai maɓallin gyara hakan, amma yana rage kaifin hoto. Gara a gyara zaman tebur. In masu kallo a tabarma za su zauna, kada allo ya yi sama da yawa har wuya ya ƙage. In a benci ne, a ɗaga shi yadda kan na gaba ba zai tare na baya ba.

Wata dabara da nake so ƙwarai, musamman inda yara suka yi yawa: haskawa ta baya. A nan rashin kaurin zanen gado ya zama alheri. A rataya shi ɗaya tilo ba baƙi a bayansa, a ajiye na'urar a bayan allon, a shiga saitinta a zaɓi juya hoto don kada rubutu ya fito a birkice. Na'ura da wayoyinta suna can nesa da ƙafafun jama'a, kuma babu wanda zai gitta ya jefa inuwarsa. A sauke ta ƙasa kaɗan yadda idonta ba zai riƙa hasko masu kallo kai tsaye ta cikin yadin ba.

Yanayin garinmu ma sai an yi shawara da shi. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba, kun san irin iskar da ke riga ruwa isowa. Yadi mai faɗin mita biyu yana kwasar iska fiye da yadda kuke zato, kuma firam da ya kife yana iya faɗa wa yaro. In kuna waje, ku jingina allon da katanga, ko ku ɗaure shi ta kusurwa huɗu, ku danne ƙafafunsa da buhun yashi. Da kun ga hadari ya haɗu, ku fara kwashe na'ura. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba: tana mayar da farin yadi ja, tana toshe hanyar iskar na'ura. Ku naɗe allo ku sa a leda bayan kowane amfani, ku rufe na'ura, ku riƙa share matatar iskarta. A zafin Maris da Afrilu kuwa kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, domin ta ƙasa da gefe take shan iska.

Batun wuta ina roƙonku kada ku yi wasa da shi. Ƙananan na'urori masu fitilar LED ba su cika wuce wat 50 zuwa 100 ba, don haka batir mai bolt 12 da amfiya 100, da 'yar inbata, zai riƙe na'ura da lasifika sa'o'i da dama, in kuma akwai farantin sola sai a cika shi da rana. Manyan na'urori masu ƙwan fitila sun fi cin wuta, kuma suna bukatar fankarsu ta huce da su bayan an kashe. Ɗaukewar wuta ba sallama tana rage wa ƙwan kwana. In janareta ne, a waje, nesa da taga da ƙofa, ko ana ruwa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba a gani ba a jin warinta, kuma ta sha kashe iyali guda a cikin barci a ƙasar nan. Kada a cusa tsirarar waya a soket, kada a bar mahaɗar waya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kada kuma a kafa rumfa ko sandar ƙarfe ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. A watan Afrilun 2017, a Kalaba, babbar waya ta tsinke ta faɗo kan wani gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano ana tsakiyar wasa, mutane da dama suka rasa rayukansu. Ku ɗaga kai ku dubi sama kafin ku zaɓi fili.

Idan allo ya tsayu, kun zama masu tara jama'a, kuma tara jama'a amana ce. Ku sanar da mai unguwa da magidantan da ke kusa kafin ranar. Jalingo gari ne da masallaci da coci suke maƙwabtaka, Bafulatani da Mumuye da Jukun Kona da Bahaushe suna layi ɗaya. Ku san lokutan ibadar kowa, ku dakata in an kira salla, ku rage sauti in dare ya yi, domin a bayan katangar nan akwai mara lafiya da mai jego da wanda zai yi sammakon gona. Ku kalli abu tun daga farko har ƙarshe kafin ku haska wa yara shi. Ku ware wa mata da 'yan mata wurin zama mai mutunci da hanyar fita tasu, ku tashi taro da wuri yadda iyaye za su sake barinsu su zo. In kuma za ku karɓi kuɗin shiga, to kun shiga sana'a, kuma fim ɗin da za ku nuna gumin wasu ne. Masana'antar fim ta Hausa, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, satar fasaha ta yi mata illa mai yawa har kasuwar faifai ta durƙushe. Ku nemi izini, ku biya abin da ya wajaba, kada ku zama cikin masu ƙarasa ta.

Ban hana ku ƙwallo ba, ni ma ina kallo. Amma zai yi mini ciwo in ƙwallo kaɗai wannan allo ya sani. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yanzu akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suke zama gaban kwamfuta. Kwamfuta ɗaya da allo ɗaya sun isa a nuna wa yara talatin yadda shafin yake, inda ake latsawa, yadda ake komawa tambayar baya, sannan a riƙa kiransu ɗaya-ɗaya suna gwadawa kowa na gani. Ku da kuke Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a garin nan a 2008, da ku 'yan Kwalejin Aikin Gona, kuna da abin da manoman shinkafa na Lau da Gassol da manoman doya na Zing za su so gani da idonsu: yadda tsutsar masara take tun tana ƙarama, tazarar shuka, yadda ake auna maganin feshi ba tare da an cutu ba. Hoto a babban allo, da bayani da Hausa ko Fulfulde ko Mumuye daga bakin ɗan gida, ya fi takarda shiga. Malamin Islamiyya zai iya haska shafi ɗaya yara duka su bi da ido, haka mai koyar da matasa a coci, haka ma'aikaciyar lafiya mai bayanin haɗa ruwan gishiri da sukari lokacin amai da gudawa.

Abin da na fi ɗoki kuma shi ne ranar da za ku haska abin da ku da kanku kuka ɗauka. Wayar da ke aljihunku kyamara ce. Jihar nan tana da tsaunin Mambila da gonakin shayinsa, da gandun dajin Gashaka Gumti, da bikin kamun kifi na Nwonyo a Ibi, kuma da yawa daga yaran Sabon Gari ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Garin nan kansa, da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a 1893, ya zama babban birnin jiha a 1991, akwai tsofaffin da suka san shi tun bai wuce 'yan unguwanni ba, suka ga yadda ya bazu har ya tsallake kogin Lamurde. Ku zauna da su da ladabi, ku nemi izininsu, ku ɗauki hirarsu, ku haska wa jikokinsu. Wajen ɗauka ku riƙe wayar a kwance, ba a tsaye ba, domin hoton tsaye kusan kashi ɗaya cikin uku na allonku kawai zai cika, sauran ya zauna baƙi. Ku jingina ta da wani abu don kada ta yi rawa, tunda ƙaramin motsi a waya babba ne a allon mita biyu. Ku zaunar da mai magana yana fuskantar haske, ku matso kusa da shi don murya ta fito, ku kuma nemi wurin da ba injin niƙa ko janareta a kusa.